Na sa sensan iskar taya masu arha a Camry, wuta ta ƙi mutuwa kuma taya ɗaya na sacewa

Abban_Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Toyota da masu gyara ina neman shawara kafin in ƙara zuba kuɗi a abin da ban gane kansa ba.

Camry ce 2009, Muscle ɗin nan, 'yar Amurka. Tun da na saye ta wutar taya ɗin nan ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai a tsakiya take kunne a dashbod, in ka tada mota sai ta yi ta ƙiftawa kamar na minti ɗaya sannan ta tsaya cak ta zauna har ka kashe. Rewaya na ya ce batirin sensoshin da ke cikin tayoyin ne ya mutu, kuma wai ba a canja batirin sai dai a canja sensan gaba ɗaya. To da zan sa sabbin tayoyi sai na ce bari in haɗa aikin, na yi oda ta intanet guda huɗu, an rubuta na Toyota ne, har da lambar kaya a jiki, kuma mai shagon ya rubuta cewa an riga an saita su sakawa kawai za ka yi. Kuɗin huɗun duka bai kai na ɗaya na asali ba, shi ya ja ni wlh.

Mai faci ya ɗaura su, aka yi balansin, aka ba kowace iska. Wuta tana nan yadda take, ƙiftawa sannan ta zauna. Na danna maɓallin SET ɗin nan na riƙe kamar yadda wani ya nuna a bidiyo, ba abin da ya canja. Na yi wa mai shagon magana ya ce in yi tafiya mai ɗan nisa motar za ta gane su da kanta, na je Zariya na dawo, shiru. Ƙari a kan haka yanzu tayar baya ta ɓangaren direba tana sacewa a hankali, sabuwar taya fa, da aka zuba ruwan omo sai ga kumfa na fitowa daga gindin bawul ɗin inda ya haɗu da rim.

Tambayata, sensoshin ne jabu ko akwai abin da ba a yi ba? Kuma in za a cire su me zan saya?

DanKurmi86

Wa alaikumus salam. Oga araha ba ta ado. Ka sa mai faci ya cire su ya mayar maka da bawul na roba irin na kowa, wutar kuma ka yanko baƙin salatif ka manna a kai, magana ta ƙare. Rabin motocin da ke yawo a garin nan haka suke tafiya da wutar a kunne kuma ba wanda ya mutu. Ni tawa tun da ta zo daga Kwatano ko sensa ɗaya babu a cikinta, ina da geji na a mota ina aunawa da kaina.

Injiniya_Sadiq

Malam Abban Khalifa kafin ka yanke cewa jabu ne, akwai aikin da ba a yi ba, kuma ko na asali ka saya daga kwali aka ɗaura haka wutar za ta ci gaba da yi.

Ka fara gane yaren wutar. In ta kama ta tsaya kawai ba ƙiftawa, iska ce ta yi ƙasa a wata taya. In kuwa ta yi ƙiftawa na minti ɗaya ko ɗaya da rabi sannan ta zauna, wannan motar ce take cewa ba na jin sensa. Taka ta biyun take yi, ma'ana har yanzu ba ta ji ko ɗaya daga sabbin ba, ko kuma ta ji su amma ba ta san su ba.

Kowane sensa yana da lambarsa ta kansa, a na Toyota haruffa da lambobi ne guda 7 a rubuce a jikinsa. Kwamfutar motarka tana riƙe da lambobin tsoffin huɗun da suka mutu, su take jira su yi magana. Kamar waya ce da aka saita ta karɓi kiran lambobin da aka yi sebin kawai, baƙuwar lamba ko ta kira sau ɗari ba za ta shiga ba. Camry 2007 zuwa 2011 ba ta koyon sabon sensa da tafiya, ko Legas ka je ka dawo, sai an jona na'ura ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari an goge tsoffin an rubuta sabbin, da manhajar Techstream ta Toyota ko na'urar TPMS, wato ta duba sensan iskar taya, irin su Autel ko ATEQ. Akwai motocin da suke koya da kansu in ka yi tafiya, da yawa daga na Chrysler haka suke, na GM kuma da wata 'yar ƙaramar na'ura ake bin taya ɗaya bayan ɗaya mota tana yin hon, shi ya sa masu shagunan nan suke ba kowa amsa ɗaya, yi tafiya za ta gane. Kuma in suka rubuta an riga an saita, abin da suke nufi an sa masa yaren Toyota ne, ba wai motarka ta san shi ba.

Maɓallin SET kuma ka daina danna shi dan Allah. Aikinsa ya gaya wa mota cewa iskar da ke cikin tayoyi yanzu ita ce daidai, da ita za ta dinga kwatantawa, ba ya shigar da sensa. Kuma in ka danna shi alhali motar ba ta jin sensoshin, kwamfutar tana iya maƙalewa tana jiran su, sai mai na'ura ya zo rubuta sabbin lambobi ta ƙi karɓa sai an warware ta tukunna. Ka faɗa wa wanda zai maka aikin cewa an danna, kar ya yi ta fama ya ce maka kwamfuta ta lalace ka sayi wata.

Sai maganar mita. Yawancin motocin Amurka na shekarun motarka 315 MHz suke amfani da ita, na Turai 433 MHz. Siffar sensan iri ɗaya ce, zai shiga rim ɗinka lafiya lau, amma in 433 aka turo maka har abada motar ba za ta ji shi ba. Na Camry irin taka kamfanin Pacific na Japan ne ke yi wa Toyota, za ka ga an rubuta PMV-107J da 315 a jiki. Matsalar ita ce masu yin na jabu su ma suna buga wannan rubutun tsaf har da tambarin, don haka rubutu ba ya tabbatar da komai, na'ura ce kawai za ta faɗa.

Abin da zan ce ka yi, ka nemi mai na'urar TPMS, ba sikana irin ta duba inji kawai ba. Ba sai an cire taya ba, kusa da bawul ake kara ta ta tashi sensan, nan take za ta nuna lambarsa da mitarsa da iskar da yake gani da zafi da yanayin batir. Sabon sensa ma yakan zo a barci don kar batir ya ƙare a kanti, na'urar ce ke tada shi. Cikin minti kaɗan za ka san wanne ne mai rai a cikin huɗun.

Baba_MaiTaya

Ni shagon taya gare ni, bari in yi magana a kan sacewar tunda Injiniya ya yi ta wuta.

Kumfa a gindin bawul abu biyu ne zuwa uku. Sensan Toyota bawul ɗinsa na alminiyom ne, ta cikin rim ake zuro shi, akwai 'yar roba da ke zama a ramin sai washa da noti daga waje. Wannan 'yar robar ita ce duk abin da ke tare iska. A masu arhan nan robar takan zo da tauri ko ba ta cika ramin ba, wani lokacin ma in ka murza ta a yatsa za ka ji ba roba ce mai kyau ba. Na biyu ɗaurin notin. Ɗauri ne ɗan kaɗan, 4 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri ake so a na Toyota, amma yaranmu da sifana suke kamawa su murɗa iya ƙarfinsu don suna ganin in ya ɗaure sosai ba zai yi yoyo ba, alhali nan ne robar take tsagewa ko bawul ɗin ya tsage daga ciki inda ba ka gani. Na uku in ramin rim ɗin ya yi tsatsa ko datti ba a goge ba.

Kar ka bari a ƙara ɗaure notin a hakan, a sace iskar a danna gefen tayar a ciro shi a duba. Robar da notin ana samunsu daban ba sai ka sayi sensa ba. Amma in alminiyom ɗin ne ya tsage a jefar da shi yau ɗin nan, domin wannan ba sacewa a hankali zai ci gaba da yi ba, wata rana kana kan gudu zai karye iskar ta fita gaba ɗaya.

Wani abin da mutane ba su lura da shi, allurar cikin bawul ɗin. Ta bawul na roba jan ƙarfe ce, in aka sa ta a cikin na alminiyom suna cin juna su manne, ranar da za a cire sai bawul ɗin ya karye. Mai ruwan azurfa ake sa wa. Haka marfin ƙarfe mai ƙyalli ɗin nan da ake sayarwa a go-slow don ado, shi ma mannewa yake yi, ka bar na roba baƙi.

Kuma gaskiya ɗaya ce, sensa da yawa ba batir ne ya kashe su ba, mu ne masu faci. In za a ɓalle taya daga rim aka sa ƙarfe ko aka buga daidai wajen bawul, sensan yana nan ƙasa sai ka ji ƙas. Yaro ya ga ya fasa ya yi shiru ya mayar maka da taya, kai kuma sai ka yi nisa wuta ta kama ba ka san daga ina ba. Duk mai irin motar nan ya dinga tsayawa a kan mai faci yana cewa akwai sensa a ciki kafin a taɓa. Ruwan facin nan da ake ɗurawa ta bawul shi ma yana toshe ɗan ramin da sensan ke jin iska da shi.

Maman_Iman

@DanKurmi86 ban yarda da maganar salatif ba gaskiya. Kai kana aunawa da geji, mutum nawa ne ke yi? Yawancinmu ido muke sawa mu ce tayar ta yi, kuma tayoyin yanzu iska na iya raguwa sosai ba ka gani da ido ba. Abin nan ba don ado aka sa shi ba, bayan haɗurran tayoyin Firestone a kan Ford Explorer ne da mutane da yawa suka mutu Amurka ta yi doka a 2000, daga Satumbar 2007 kuma ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da shi, shi ya sa duk tokunbo 'yar Amurka daga 2008 take da wutar. Taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka, ka haɗa da kwaltar watan Afrilu da lodi da gudun hanyar Kaduna.

Ni Accord 2010 nake ja, tawa ta taɓa kamawa ina hanya da yara, na tsaya aka duba ashe ƙusa ce, tayar a ido lafiyarta ƙalau. Abin da kawai ke ba ni haushi lokacin hunturu da sassafe takan kama in rana ta ɗaga ta mutu, har na zaci lalacewa ta yi, ashe sanyi ne ke rage iskar, in dama tana bakin iyaka sai ta faɗa ƙasa.

DanKurmi86

Hajiya ban ƙi taki ba, amma wutar sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu take kamawa, in takardar jikin ƙofar direba ta ce 32 sai ta sauka wajen 24 kenan. Ni kafin ta kai nan geji na ya gaya min. Kuma masu facinmu 45 ko 50 suke dankara wa mutane, wannan wutar ba ta cewa komai a kai.

Issoufou_Maradi

Salam. Abin da Injiniya ya faɗa na mita ya faru da ni amma ta ɗaya gefen. Mu nan motocin Turai sun fi yawa, tawa daga can ta fito, ɗan'uwana ya kawo mini sensa na hannu daga Kano waɗanda aka ciro daga mota 'yar Amurka iri ɗaya da tawa, suna da rai na'ura tana ganinsu amma motar ba ta ji, 315 ne ita kuma 433 take so. Don haka sunan mota da shekara bai isa ba, sai ka san ƙasar da aka yi ta domin ta.

Na hannun nan ma a yi hattara da su ko da na asali ne. Batirin shekara 5 zuwa 10 yake yi kuma a rufe yake cikin sensan an zuba masa wani abu kamar danƙo, in daga motar 2009 aka ciro shi to ai shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu a taka. Kuma wasu motocin ba su da sensa a taya sam, da na birkin ABS suke lissafin juyawar taya, Accord daga 2013 haka take, irin waɗannan saiti kawai ake yi. Na ga wanda aka sayar wa sensa huɗu na motar da ba ta amfani da su.

Sir_Bash

Ni fa masu arhan na sa a Corolla ta kuma suna aiki har yanzu, an shigar da lambobin wuta ta mutu. Ba duka ne marasa kyau ba, sa'a ce. Abin da na lura dai ɗaya yana nuna iska ta fi abin da geji ke nunawa da kusan 2, ban damu ba.

Injiniya_Sadiq

Sir Bash sa'ar ita ce matsalar ai. Kuɗin sensan kaɗan ne amma duk wanda ya mutu sai an sake sauke taya, a ɓalle ta, a sake balansin, a sake biyan mai na'ura, ga haɗarin mai faci ya fasa na kusa da shi. Waɗanda suke zuwa hannuna yawanci batir ne, ba ka san wane iri aka sa ba kuma ba ka san shekara nawa ya yi a sito kafin a turo maka ba. Wasu kuma siginarsu ba ta da ƙarfi, a tsaye na'ura tana ganinsu amma in an hau titi motar tana ji tana rasawa, sai ka yi tafiyar kamar minti 20 wuta ta fara ƙiftawa, gobe ta mutu da kanta, jibi ta dawo. A Toyota za ka ga kod C2121 zuwa C2124, kowanne na nuna sensan da ya yi shiru. Irin wannan ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya cin rai.

Abban_Khalifa

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga yadda ake ciki. Na samu mai na'urar, ya bi tayoyin a gabana. Duka ukun da suka amsa 315 ne, to ba matsalar mita ba ce. Na gaba ɓangaren fasinja ko motsi bai yi ba, an sace iska an sake bayarwa an kara na'urar ta kowane gefe, babu. Abin mamaki kuma na baya guda biyun lamba ɗaya suke bayarwa, harafi da harafi, mutumin ya ce motar ba za ta karɓi lamba ɗaya sau biyu ba. Ya kuma tarar kwamfutar ta maƙale kamar yadda Injiniya ya faɗa, ya warware ta.

Mai sacewar kuma Baba Mai Taya ka yi gaskiya, da aka ciro shi robar ta tsage gida biyu, gindin bawul ɗin ma akwai ɗan layin tsagewa. An sa min na roba a wurin kafin in yanke shawara. Mai shagon da na saya a wurinsa ya ce sai in mayar masa da kayan da kuɗina kafin ya duba, kuɗin aikawar ya fi na kayan.

Kenan biyu suka rage masu amfani, ɗaya gaba ɗaya baya. Mai na'urar yana da wani sensa na sayarwa a hannu, Autel MX-Sensor. Zan iya sayen biyu in haɗa da waɗannan biyun, ko dole sai iri ɗaya duka huɗun? Safaya kuma fa, tana buƙata?

Injiniya_Sadiq

Za ka iya haɗawa, motar ba ruwanta da sunan kamfani, lamba huɗu daban-daban kawai take so masu magana da yarenta. MX-Sensor yana yin 315 da 433 duka, babu komai a cikinsa sai an saita shi, kuma na'urar Autel ce kawai ke saita shi, tunda mutumin yana da ita shi kenan. In ka samu Denso ko Pacific ko Schrader daga hannun wanda ka yarda da shi su ma lafiya.

Amma da ni ne huɗun zan canja lokaci ɗaya, domin biyun da suka rage daga kwali ɗaya suka fito da wanda ya zo a mace da wanda ya tsage, kuma na gaban nan bawul ɗinsa irin alminiyom ɗin ne, mai facin da ya ɗaure wancan shi ya ɗaure shi. In aljihu bai ba da dama ba to aƙalla a ciro su a duba gindin a canja robar.

'Yar siririyar safayar Camry ba ta da sensa, ka bar ta. Masu manyan Toyota irin 4Runner su ne ke da na biyar a safaya, su kan sha wahalar neman inda wutar ta fito.

Wannan karon a saita kowane sensa a kan tebur a gwada shi da na'ura kafin ya shiga taya, ka ɗauki hoton lambar da ta nuna da wayarka, a shigar da su ta OBD. Bayan nan da safe kafin mota ta yi tafiya a ba kowace taya iskar da ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, ba wadda mai faci ya ga dama ba, sannan ne za ka danna SET ka riƙe har wutar ta ƙifta sau uku ka saki.